Yadda zaka tsara yawonka idan jirgin ruwan shaƙatawa ya tsaya na ƴan awoyi a wani gari

Tunda muka dawo daga tafiyar nan ni da Hajiya duk wanda ya tare ni a masallacin unguwarmu a Gwarinpa tambayarsa ɗaya ce, wai Alhaji da gaske ne a sati ɗaya kun ga ƙasashe uku? Nakan ce mun dai taka ƙasashe uku, gani kuwa wani zance ne daban. Saboda shi irin wannan jirgin da ake kwana a ciki kamar otal, da dare yake tafiya, da safe ka farka ka ganku a bakin wani gari, a baku awa takwas ko goma ko sha biyu, da yamma ya ɗaga. To waɗannan ƴan awoyin su ne abin da zan yi bayani a kai, don na ga mutanenmu sun fara shiga harkar nan sosai, wasu ta Dubai wasu ta Basalona, kuma kuskuren da na yi bana so wani ya maimaita.

Abu na farko, tun kana Abuja kafin ka biya ko sisi, ka ɗauki jerin tashoshin da jirgin zai tsaya ka ajiye kusa da fasfonka ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu masu koren fasfo ba kamar Turawan da ke cikin jirgin muke ba, su sauka kawai suke yi. Idan tafiyar Bahar Rum ce kana buƙatar bizar Shengen, wato biza ɗaya da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, kuma ka duba da kyau ko ta shiga sau ɗaya aka baka ko ta shiga da yawa, don in jirgin zai leƙa Turkiyya ko Tunisiya sannan ya dawo Italiya, to ka fita daga yankin Shengen kenan ka sake shigowa, mai bizar shiga ɗaya ya shiga uku. Turkiyyar ma da tata dokar daban. Ka rubuta wa kamfanin jirgin ka tambaye su ƙasa-ƙasa, su baka amsa a rubuce, kar ka tsaya ga maganar ejan ɗin da ya sayar maka da tikiti ya ce ai ba matsala Alhaji, don ranar da za a hana ka hawa shi yana Wuse yana shan shayinsa.

Na biyu, kuma nan ne zan daɗe don shi ne ƙashin bayan komai: lissafin lokaci, kuma daga ƙarshe ake faro shi a dawo baya. Mu mun saba da tashar Jabi da Utako inda mota bata tashi sai ta cika, in ma ka je sayen ruwa direba zai aika yaron mota ya nemo ka. Jirgin ruwa ba haka bane, ya fi kama da jirgin ƙasan Idu, shi ma ya fi shi tsanani. Akwai lokacin tashi, akwai kuma lokacin da ake so kowa ya dawo ciki, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma wannan na biyun shi ne naka. Suna rubuta shi a takardar shirin rana da ake sa maka a ɗaki ko a manhajar jirgin, suna kuma kafa allo a bakin tsanin sauka. Ka ɗauki hotonsa da waya kana fita.

Bari in baka misali da birnin Rum don shi ya fi yaudarar mutane. A takarda za a rubuta maka Rum, ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma, sai ka ce kai awa 12 ai har barci ma sai in yi. Alhali Rum ba ta bakin teku, jirgin a wani gari yake tsayawa Civitavecchia, kusan kilomita 80 tsakaninsu. To fara daga baya. An ce kowa ya dawo 6:30. Kai ka sa wa kanka 5:00, wannan awa ɗaya da rabin ba taka bace, ta tsautsayi ce. Daga tashar jirgin ƙasa ta garin zuwa gindin jirginku ka ware rabin awa, don tashar ruwan babba ce, bas ne ke kwasar mutane daga ƙofa zuwa ciki. Kenan 4:30 ya kamata ka sauka daga jirgin ƙasa. Shi kuma na gama-gari yana cin awa ɗaya zuwa awa ɗaya da minti 20 daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, kenan wajen ƙarfe 3 kana zaune a ciki, ƙarfe 2:30 ka riga ka bar duk abin da kake kallo. Da safe kuma kafin a bada izinin sauka, ku karya, ku bi layi, ku kama bas ku kama jirgin ƙasa, da ƙyar ka taka Rum kafin 10. Ka ga awa 12 ta koma huɗu da rabi. Duk tashar da zaku tsaya ka zauna ka mata irin wannan lissafin da biro a takarda, zaka sha mamaki.

Wani ƙaramin abu da ke kada mutane shi ne agogo. Girka tana gaban Italiya da awa ɗaya, wayarka kuma da kanta take canja lokaci da zarar ta kama sabis, wani sa'in ma ta kamo na ƙasar da ke tsallake. Jirgi da nasa agogon yake aiki. Ni agogon hannu nake ɗaurawa in saita shi da na jirgi kowace safiya, in manta da na waya.

Na uku, tunda ka san ainihin awoyinka, zaɓi abu ɗaya. Ɗaya tak wanda in baka gan shi ba zaka ji haushi, sai ka ƙara ƙanana biyu da ke kusa da shi waɗanda in lokaci ya ƙure zaka yar da su ba tare da ka ji komai ba. Ni a Rum haɗama ta ja min, na jera Kolosiyam da Vatican da maɓuɓɓugar Trevi har da babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995 wanda ke can arewacin gari, ita kuma Hajiya tana da nata lissafin na jakunkuna da takalma da bata faɗa min ba sai da muka iso. Kolosiyam kaɗai muka gani da kyau, tsohon filin wasan Rumawa da aka buɗe tun shekara ta 80 miladiyya, sauran duk gudu ne da haki. Muka iso tasha a makare, jirgin ƙasan da muka sa rai ya yi jinkiri, Hajiya sai cewa take Alhaji ka duba agogo, ni kuma in ce Hajiya agogon nan dubawa ba zai sa ya tsaya ba. Saura minti goma a ɗage tsani muka shiga, wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da ka zaɓi abu ɗayan nan sai ka binciki abu biyu a kansa. Ranar da zaku tsaya a buɗe yake? Babbar kasuwar rufi ta Istanbul bata ci ranar Lahadi, fadar Topkapi a rufe take ranar Talata, gidan tarihin Louvre na Abu Dhabi ranar Litinin, gidajen tarihin Vatican kuma yawancin Lahadi. Sannan ana sayen tikiti tun kafin a zo? Kolosiyam da Akropolis na Athens da cocin Sagrada Familia na Basalona, wanda aka fara ginawa tun 1882, duk tikitin da aka yanka wa lokaci suke bayarwa, lokacin zafi kuma suna ƙarewa tun da sauran kwanaki. Ka saya a shafinsu na asali tun kana gida, ka zaɓi lokacin da ya bar maka sarari, kamar 11 na safe maimakon 9. Masallacin Sheikh Zayed na Abu Dhabi kyauta ne amma shi ma sai ka yi rajista ta intanet.

Na huɗu, ka yanke shawara ko da kanka zaka fita ko zaka bi ayarin da kamfanin jirgi ya shirya. Nasu akwai tsada, wani lokaci ninkin abin da zaka kashe da kanka, kuma kamar ƴan makaranta ake kora ku bayan mai riƙe da tuta, a tsaya da ku shagon da baku tambaya ba. Amma akwai abu ɗaya da kuɗinka ke saya maka, in motarsu ta makara jirgi yana jiranta, in ma dole ta sa ya tafi su ke da alhakin kai ku inda yake. In da kanka ka fita ka makara, kai da aljihunka. Ni dai ga yadda nake raba abin yanzu: duk inda abin kallon yake nesa da tasha, Rum, ko Florence daga Livorno, ko Alƙahira daga Iskandariya, in karo na farko ne ko kana tare da tsofaffi da yara, biya ka bi nasu ka huta. Inda kuwa jirgi ke tsayawa a tsakiyar gari ɓarnar kuɗi ce. Istanbul misali, tashar Galataport da aka buɗe a 2021 a cikin gari take, ka fito ka hau taragon titi layin T1 a Tophane, tsayawa biyar kana Sultanahmet, ga Shuɗin Masallaci ga Aya Sofiya da aka mayar masallaci a 2020 suna kallon juna. Maskat ma kasuwar Mutrah tana dab da tasha. Naples ma ka sauka kawai kana cikin gari, sai in Pompeii zaka, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, shi ne sai ka ƙara jirgin ƙasa na wajen minti 40.

Ka kuma duba ko jirgin zai jingina da gaɓa ne ko a tsakiyar ruwa zai tsaya. Tsibirin Santorini na Girka haka ne, ƙananan jirage ne ke jigilar mutane zuwa gaɓa, daga nan kuma garin yana can saman dutse, sai ka hau keken igiya ko ka taka matakala kusan 600. Da yamma kowa lokaci ɗaya yake son saukowa, layin keken nan sai ka ce gosulon Nyanya ranar Litinin. A irin wannan wurin lokacinka shi ne na ƙaramin jirgi na ƙarshe, kuma ka ƙara awa guda a lissafinka.

Na biyar, daren da zaku iso ka haɗa ƴar jakarka. Katin ɗakinka, don shi ake dannawa in zaka fita da in ka dawo, da shi suke sanin wa ya rage a waje. Fasfo ko kwafinsa, gwargwadon abin da suka sanar na wannan tashar. Taswirar garin da ka sauke a Google Maps tun kana da intanet, don datar yawo da layin gida zata cinye maka kati kafin azahar. Hoton tikitocinka. Abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Magungunanka. Kuɗi kuma ka canjo Yuro tun daga Zone 4 ka roƙi su haɗa maka da ƙananan takardu, 10 da 20, don mai shago ba zai karɓi 200 kan ruwan gora ba, bayi ma a wurare da yawa sai da tsaba. Kar ka dogara da katin naira kaɗai. Kuma ka sa komai a jakar gaba, masu yankan aljihu na Basalona da Rum sun san ranar da jirgi ke zuwa.

Maganar sallah, ka yi alwala kafin ka sauka, ka tafi da ƴar dardumar aljihu, ka kuma tambayi malaminku hukuncin kasaru da haɗa salloli tun kafin tafiya don ka san inda ka tsaya. A Istanbul ko Doha wannan ba abin tunani bane, kowace kwana masallaci, har ma in an tsayar da masu yawon buɗe ido lokacin sallah kai shiga zaka yi abinka. Abinci kuma ka cika cikinka a jirgi da safe tunda ka riga ka biya, a gari ka ɗan taɓa kifi ko wani abu mai sauƙi, zaman gidan abinci a Italiya sai ya cinye maka awa ɗaya da rabi cikin huɗunka. Kilishinka ka bar shi a gida, wasu ƙasashen basa wasa da shigo da nama.

In kuna da yawa ku tsaida magana tun a jirgi, wuri kaza ƙarfe kaza, wanda bai zo ba ya kama hanyar tasha da kansa. Sayayya kuma a bar ta ƙarshe kuma a yi ta kusa da inda za a hau abin komawa.

Na ƙarshe, a wannan takardar shirin ranar akwai suna da lambar wayar wakilin kamfanin a tashar, ka ɗauki hotonta ka kuma rubuta ta a takarda ka sa a aljihu ko da waya zata mutu. Da ka ga alamar zaka makara kira shi tun kana hanya, ka faɗa masa lambar ɗakinka da inda kake da ku nawa ne, shi ke magana da jirgin kai tsaye. In har ya tafi ya barka, wurinsa zaka nufa, don in fasfonka na ciki galibi shi ake bar wa, kuma shi zai nuna maka yadda zaka bi jirgin zuwa tasha ta gaba, kuɗin otal da na tikiti duk daga aljihunka.