Yadda Kirista Zai Tsara Kuɗinsa Kafin Su Shigo Hannu

Kafin albashi ya shigo, ko kafin a kai amfanin gona kasuwa, ya kamata maigida da uwargida su zauna da takarda da biro su rubuta abin da suke samu da abin da yake fita, tun daga cefane da kuɗin haya har zuwa katin waya da kuɗin mota. A Luka 14:28 Yesu ya kawo misalin mai niyyar gina hasumiya wanda zai fara zama ya yi lissafi, kuma ko da yake maganarsa a kan almajiranci take, misalin ya nuna cewa yin lissafi ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ma'auratan da suke ɓoye wa juna abin da suke samu ba za su iya yin wannan zama ba, saboda haka sai a fara da faɗin gaskiya.

Da zarar kuɗi sun shigo, a ware zakka da baiko tukuna, domin abin da aka bari sai ƙarshen wata ba safai ake tarar da shi ba. Bulus ya shawarci Korintiyawa cewa kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa (1 Korintiyawa 16:2), ya kuma ce a bayar da yardar zuciya ba da tilas ba (2 Korintiyawa 9:7). A kan haka nake ganin kuskure ne mutum ya miƙe a ranar godiyar kaka ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa don kunyar idon jama'a, sa'an nan ya koma gida yara suna jiran kuɗin makaranta. Kula da iyali ma umarni ne, kamar yadda 1 Timoti 5:8 ta faɗa da kakkausar murya.

Daga nan sai ajiya. Shawarar da Yusufu ya ba Fir'auna a Farawa 41 ita ce a tara kashi 1 cikin 5 na amfanin ƙasa a shekaru 7 na ƙoshi. Ba kowa ne zai iya kai wannan ba, amma kowa zai iya yanke wani kaso ya tsaya a kansa. Manomi ya guji kwashe masararsa zuwa kasuwa a watan Disamba lokacin da take araha don hidimar Kirsimeti, domin shi ne zai dawo yana auna ta da mudu a watan Yuli da Agusta da tsada. Mai albashi kuwa ya tuna cewa bayan ɗinkin yara da shinkafa da kaji, Janairu na tafe da kuɗin zango na biyu. Idan ana adashi a zumuntar mata ko a wurin aiki, a nemi kwasar da za ta faɗo daidai lokacin komawa makaranta, kuma a tabbata uwar adashi tana rubuta zubin kowa a littafi.

Bashi shi ne inda ya fi bukatar taka-tsantsan. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawa ne ga wanda ya ba shi, kuma duk wanda ya taɓa karɓar rance ta manhajar waya, aka riƙa aika wa 'yan'uwansa saƙon tozarci saboda ya yi jinkiri, ya san haka. Wanda bashi ya riga ya hau kansa ya rubuta dukansu, ya daina ƙara sabo, ya je wurin masu binsa da kansa a yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan, yana farawa da wanda ruwansa ya fi yawa. Idan kuma ɗan'uwa a ikilisiya ya roƙe ka ka tsaya masa lamuni, ka duba ko za ka iya biyan kuɗin gaba ɗaya idan ya gaza. In ba za ka iya ba, ka ba shi abin da ya sawwaƙa kyauta, kada ka sa hannu a takardar.