Idan makullin ƙofa na zamani yana jinkirin buɗewa daga waya ko agogo

Jama'a, masu kukan cewa makullin na ɗaukar lokaci kafin ya amsa, yawanci matsalar daga waya take. Wayoyi irin su Tecno da Infinix sukan kashe manhajar da ba a buɗe ba don tanadin caji. Ku shiga saitin batir ku cire wa manhajar makullin wannan takunkumi, ku kuma bar mata izinin Bluetooth da na sanin wurin da kuke a kunne kullum. In ba haka ba, sai mutum ya tsaya bakin ƙofa cikin rana yana jiran ta sake haɗuwa.

A agogo, ku ɗora maɓallin buɗewa a fuskar farko, domin mai riƙe da cefane ba ya da hannun lalube. Bluetooth kusan mita 10 yake kaiwa, katanga da ƙofar ƙarfe kuma suna rage shi. Wi-Fi kuwa, da an ɗauke wuta ya tafi, kada a dogara da shi kaɗai.

Zafin Afrilu a Sakkwato, da ke wuce digiri 40, yana gajarta ran batir ɗin makullin. Ku sa sababbi duka iri ɗaya, ku canja tun gargaɗin farko. Ƙurar hunturu da jiƙaƙƙen yatsa bayan alwala suna hana na'urar gane yatsa ta jikin makullin aiki, don haka a goge ta da busasshen ƙyalle, kowa ya yi rajistar yatsu biyu. Mabuɗin ƙarfe na gaggawa a ba ɗan'uwa ajiya a wani gida.