Yadda ake fita da 'yan lakkwal ba tare da abin ya zama yawon banza ba

Mushe, wato malamin lakkwal, in kana son fita da yaran ajinka kar ka fara da mafarkin Yamai ko Agadas, kuɗin mota kaɗai zai kashe maganar tun a aji. Ga Mirya nan kusa da Damagaram, da lambunanta da kasuwar Lahadi, ga tafkin Gidimuni, kai ko cikin gari ma a ƙasa, don wallahi akwai yaran Sabon Gari da aka haifa a Damagaram amma ba su taɓa ratsa lungunan Birni sun tsaya ƙofar fada ba, ba su ma san nan ne babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926 ba.

Izinin direkta da na iyaye a rubuce, wannan ba sai an faɗa ba. A sa ranar cikin sanyi, Disamba zuwa Fabrairu.

Maganar kuɗi ce ke raba kan yara tun kafin a tashi. Ku yi karo-karo kaɗan-kaɗan, ko dala ashirin ne duk sati, yara biyu su riƙe littafi, wanda gidansu babu hali a cike masa a ɓoye, kar ka kuskura ka karanta sunan waɗanda ba su biya ba a gaban aji. Ni na taɓa yin wannan kuskuren, yarinyar ba ta zo ba ranar, har yau abin na damuna.

A mota kar ka bar su su zauna yadda suka saba, ɗan unguwar Zango da ɗan unguwar Zango, mai babbar waya da mai babbar waya. Ka gauraya su biyar-biyar, kowane rukuni da aikinsa, masu jarkar ruwa, masu tabarmi, masu kwashe leda in an tashi. Abinci kuma a haɗa a tire ɗaya, mai dambu da mai shinkafa da kaza hannu ɗaya, nan ne fa ake sabawa, ba a wurin hoto ba.

Kwana biyu kafin tafiya wani babba ya je ya gaida mai gari da ɗan goro, kar ku faɗo wa mutane kamar fara. In kun isa kowane rukuni ya samu mutum guda ya zauna da shi, a ce sannu Baba, sannu Inna, sannan a tambaya, ina kuke ɗebo ruwa, awa nawa ake yi a rijiya, me ya sa ake barin gawo a tsakiyar gona ba a sarewa. Yaron da kullum yake ƙorafin famfon gidansu ya ɗauke, ka bar shi ya ja guga sau uku tukuna. Kar a ɗauki hoton kowa sai ya yarda.

Ku kamo hanya bayan la'asar, a ƙirga kawuna kafin direba ya tada mota. Ran Litinin kowane rukuni ya tashi gaban allo ya faɗi abin da ya jiyo, sai ku rubuta wa mai gari 'yar takardar godiya, duk aji ya sa hannu, direban layin ya kai masa.