Kafin ka canza birenbos ɗin tsohuwar tirela

Duk tirelar da ta ƙi tashi a Legas, kafin la'asar sai an sami wanda ya ce birenbos ne, wato kwamfutar inji. Direba ya bugo wa mai mota waya, mai mota yana Kano ko Sakkwato ya turo kuɗi, a aiki yaro Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota. Ni sana'ata wayarin ɗin manyan motoci ce a wajen Ijora, kuma mafi yawan abin da ke shigowa hannuna tsofaffin MAN ne da Actros da DAF da Mack, na 'yan uwanmu masu sauke shanu a Oko-Oba, da masu kawo albasa da tumatir Mile 12, da masu kwana a layin lodi a Apapa. Kwamfutar inji tana mutuwa, ban musa ba. Amma da wuya ta mutu don kanta. Wani abu ne ke kashe ta, in kuwa ba ka nemo shi ba, wadda ka sayo ma ita zai bi.

Fara da tabbatar da cewa ita ce ɗin. Aikinta ta karɓi saƙo daga sensoci, ta san inda inji yake a juyawarsa da zafinsa da yadda ka taka totur, sannan ta ba kowane nozul umarnin lokacin feshin gas da yawansa. Saboda haka duk abin da ya hana ta wuta ko ya yi mata ƙarya zai sa ta yi kama da matacciya. Auna batir tukuna. Tirelar Turai irin su MAN da Actros da DAF batir biyu take ɗauka masu bolt 12 a haɗe, su ba da 24, kuma lafiyayyu a zaune za ka ga wajen 25. Sa yaron mota ya murza kik kana kallon mitar awon wuta. In wuta ta faɗi ƙasa da 19, kwamfuta za ta iya ɗaukewa a daidai lokacin da ake buƙatarta, kuma laifin na batir ne ko na kawunansa. Daga nan sai fiyus da babban rile, da wayar negetib da ke ɗaure a jikin shasi da wadda ke jikin inji. Damshin teku na Apapa da Tin Can ba ya barin ƙarfe lafiya. Sau da yawa za ka kwance noti ka tarar ƙarƙashinsa ya yi kore shar, alhali daga sama kamar ba komai.

A bakin soket ɗin kwamfutar, ni ba na yarda da mita ita kaɗai. Waya da ta cinye saura zare ɗaya za ta nuna maka 24 cif a mita, amma ba ta iya ɗaukar nauyi. Haɗa ƙwan fitila mai 24 tsakanin wayar wuta da ta negetib. In ya kawo jazur maimakon ya haska sosai, ka samo ɓarawonka. Amma kada ka kai wannan ƙwan kan wayoyin sensa, nan mita kawai. Yawancin sensoci wuta 5 kwamfuta ke ba su, kuma ɗaya in ya yi shot a cikinsa sai ya janye wutar duka, mota ta yi shiru. Cire su ɗaya bayan ɗaya kana dubawa. Wanda ka cire wuta ta dawo 5, shi ne, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na birenbos ba. Akwai kuma tagwayen wayoyi a murɗe da kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinsu. Cire batir ka auna tsakaninsu, lafiyayye om 60 yake bayarwa. In ka ga 120 akwai inda ya yanke, in ka ga kusan sifili sun haɗe.

Sai duk wannan ya fita lafiya, wuta na isa, negetib da kyau, amma na'urar bincike ta kasa yin magana da ita, ko ta fito da lambar matsala da ke cewa ciwon a cikinta yake, ko nozul ɗaya ya daina samun umarni alhali shi da wayarsa ƙalau suke, to nan zan ce maka e, ta tafi.

Yanzu sai ka zaunar da direba ka tambaye shi, da lallashi, don in ya ji za a ɗora masa laifi ba zai faɗa ba. Oga, an yi walda a jikin motar nan cikin makon nan? Mai walda ya kama shasi ko bodi batir na haɗe, wannan shi ne na kan gaba a masu kashe kwamfuta a wurinmu. An ba ta wuta daga wata mota aka juya kan waya? An cire batir inji na aiki don a ta da wata motar da shi? Wannan ɗabi'a ta zamanin motocin da ba su da kwamfuta ce, yanzu altaneta ce za ta watsa wuta ba mai tare ta. Ta shiga ruwa? Damina a hanyar Mile 2 zuwa Apapa kowa ya san yadda take, haka ma masu wankin inji da ke saita bakin tiyo mai ƙarfi kai tsaye kan soket. Sai abu biyu da direba ba zai sani ba, kai za ka duba. Na ɗaya wayoyin nozul, musamman inda suka gogu da ƙarfe, domin waya ɗaya da ta taɓa jiki ta isa ta ƙona ɓangaren da ke tura nozul a cikin kwamfuta. Auna kowace da jikin inji kafin ka haɗa komai. Na biyu baƙin mai a cikin soket. A tsofaffin Actros ina yawan ganinsa, mai ya biyo cikin waya daga kan inji har ya taru a bakin kwamfuta. In ka ga haka, wayar ma ta zama ta canji.

Sayayya kuma da lamba ake yi, ba da ido ba. Kwamfuta biyu za su zo gida ɗaya, soket ɗaya, amma abin da aka zuba musu daban, ɗaya ta inji mai ƙarfin doki kaza ce, ɗaya ta wani. Ɗauki tsohuwar ka tafi da ita kasuwa, hoto a waya bai wadatar ba. In ta Bosch ce ta dizal, lambarta mai goma ce tana farawa da 0 281, kuma duk goman nake so su dace. Masu Hilux da makamantanta, taku ta Toyota tana farawa da 89661, wutarku kuma 12 ce, sai ku raba alƙaluman batir da nake faɗa gida biyu. Ka tuna tsohuwar tirela a ƙasar nan ƙila an sauya mata inji ba sau ɗaya ba. Lambar da ke jikin injin da ke ciki yau za ka bi, ba takardun mota ba.

A shago juya ta a hannunka. Dubi kawunan sukurori ko sun ci sukudireba, dubi gefen murfi ko an shafa sabon gam, haska ƙafafun soket da tocila ko akwai wanda ya lanƙwashe ko ya yi kore, sannan ka shinshina ta, ƙonanniya ba ta ɓoye wari. Wadda aka taɓa buɗewa ba lallai ta zama marar kyau ba, amma farashinta ba na Beljiyam ba ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A rubuta maka rasit da lambar jikinta da sharaɗin mayarwa in ba ta yi ba.

Inda mutane suka fi asarar kuɗi shi ne maganar makulli. Motoci da yawa makullinsu na da ɗan abu a ciki da kwamfuta ta haddace, ba shi ba tashi. A Actros kwamfutar da ke jikin inji, wadda ake kira MR, ita ke riƙe da wannan. A MAN TGA kuma ta inji aure aka ɗaura mata da ta cikin kai, FFR, ba ta aiki da baƙuwa sai an haɗa su. Ko dai ka sayi saiti guda daga mota ɗaya har da makullinsa, ko ka kai wa mai na'ura ya haɗa sabuwar da motarka, ko kuma, wanda na fi so, ya kwafe abin da ke cikin tsohuwar ya zuba a sabuwar in har tana karantuwa. Shi ya sa nake hana kowa fasa tsohuwar da guduma da kurfi don ya leƙa. Wasu kan cire tsaron makullin gaba ɗaya. Yana yiwuwa, amma a gaya wa mai mota da baki cewa daga ranar duk wanda ya yanko makulli zai ta da ita.

Ɗaurawar ita ce mai sauƙi. Kashe makulli, jira 'yan mintoci ta gama ajiye bayananta, cire negetib tukuna. Soket yana da hannu ko sakata, da ita za ka zare shi, kada ka ɓanɓare da sukudireba. Fesa masa maganin wanke soket ka bari ya bushe. Wadda ke jikin inji tana zaune kan robobi masu shanye girgiza, a mayar da su duka, kuma in tana da farantin da gas ke bi ta ciki yana sanyaya ta, ɗaure bututun da kyau ka fitar da iska. Tura soket a miƙe har sakata ta rufe ba tare da dole ba. Haɗa fozitib, sannan negetib.

Buɗe makulli kada ka murza kik. Duba fitilun dashbod, sa na'ura ka ga tana magana, in injin mai buƙatar lambar nozul ne a shigar da su, a goge tsofaffin lambobin matsala. Tana tashi, mita kan batir nan take. Caji ya tsaya wajen 28. In ka ga yana haurawa 30, kashe inji, altaneta ce ta kashe ta farkon. Bar ta a sulo har ta yi zafi kana girgiza damin wayoyi da hannu kana sauraron ko murya za ta canza. Bayan nan a fita da ita babu kaya, a hau babban titi har Berger a dawo, a sake sa na'ura. Sai ta dawo babu sabuwar lamba nake barin direba ya karɓi lodin Arewa, kuma kafin ya tafi sai na nuna wa yaronsa da hannu wane kan batir zai cire da wane soket zai zare duk ranar da aka tsaya wurin mai walda.