Yadda za ku shirya wa ganawar shiga karatun infirmiye a Maradi

Idan makarantar kiwon lafiyar da kuke nema tana ganawa da ɗalibai baki da baki kafin ta ɗauke su, ku sani malaman da za ku zauna gabansu ba su tsammanin kun riga kun iya aikin likita. Abin da suke aunawa shi ne natsuwarku, da Faransancinku, da ko kun san cututtukan da ke addabar mutanen garinku.

Takardu su ne farko, don su ke cin lokaci. Takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, sakamakon BAK ga mai neman lisans na shekara 3, da hotuna. A kai kwafin kowace a buga mata hatimi a ma'aikatar magajin gari. Takardar kotu mai shaida ba a taɓa hukunta mutum ba wata 3 take aiki, saboda haka kada a karɓo ta da wuri har ta mutu kafin a miƙa dosiye. Ku duba rubutun suna da ranar haihuwa harafi-harafi: in takarda ɗaya ta ce Abdou, ɗaya Abdoul, gyaran na iya ɗaukar makonni.

Tambayar da kusan ba ta fashi ita ce: me ya sa kuka zaɓi wannan aiki? "Ina son taimakon jama'a" kowa zai faɗe ta, ba ta ƙara maki. Ku kawo abin da idonku ya gani. Misali yadda ɗakin yara ke cika da masu masassarar cizon sauro in damina ta yi nisa, da dalilin da ya sa ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi sau ɗaya a wata. Ko tamowa: awon damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 in ya gaza milimita 115, tamowa ce mai tsanani, kumburin ƙafafu biyu ma haka. Ko kwalarar da ta ɓarke a yankin Madarumfa a 2018, da alaƙarta da ruwan sha da wanke hannu. Wanda ya iya bayanin ɗaya daga cikinsu a minti biyu ya fi wanda ya haddace shafi goma nesa ba kusa ba.

Akwai ƴan alƙaluma da ya kamata su zauna a ka. Zafin jikin mai lafiya wajen 37, bugun zuciyar babba 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, tansiyo wajen 12/8. Ƙunshi ɗaya na gishirin zawo a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da haihuwa, ta ƙyanda a wata 9.

Sai tambayoyin hali, waɗanda nan aka fi zamewa. Maƙwabciya ta ce ku gaya mata ciwon da ke damun wance, me za ku yi? Amsa ita ce sirrin majinyaci ba ya fita, ko ga ɗan'uwa. Kun yi kuskuren magani fa? A sanar da majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashen, nan take, a sa ido kan majinyacin, a rubuta. In aka tambaye ku ko za ku iya kwanan gadi ko zaman ƙauye, ku tattauna da iyaye ko maigida tun a gida, don kada amsar ta fito da in-ina.

Da yawa sun san amsa da Hausa, harshe ne ke ɗaurewa. Mako biyu kafin ranar, ku sami wani ya riƙa yi muku tambaya da Faransanci kullum, kuna amsawa da murya sama, kuna ɗauka a waya kuna saurare. Gajerun jimloli sun fi. In ba ku gane tambaya ba ku roƙi a maimaita, in kuma ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, don mai ƙaga amsa shi malamai ke tsoron ba wa sirinji.

Ranar ganawa ku isa da minti 30 kafin lokaci, da katin shaida da takardun asali a hannu, farce a yanke, waya a kashe.