Yadda ake sa kulorin a jarkar ruwan sha

Da damina ruwan kogin Shuɗin Nilu a Sudan yakan yi ja wur da laka, kuma daga Mai Wurno zuwa ƙauyukan Jazira gidaje da yawa daga kogi ko magudanar gona suke ɗiba, ko su saya wurin mai amalanken jaki. Kulorin, sinadarin da ke cikin bilic, shi ne mafi sauƙin maganin ƙwayar kwalara a irin wannan ruwa, muddin an auna shi daidai.

A fara da tacewa. Laka da ruɓaɓɓen ganye suna cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta. A bar ruwan ya kwanta, ko a zuba garin ƙwayar zogale, kamar ƙwaya ɗaya ga lita guda, sannan a tsiyaye na sama ta tsaftataccen ƙyalle.

Sai a duba jikin kwalbar bilic. Wanda aka rubuta kashi 5 cikin 100, marar turare, marar sabulu, shi ake so. Jarka mai lita 20 rabin ƙaramin cokalin shayi take ɗauka, wato mililita 2.5. Ga lita ɗaya, ɗigo 2. In ruwan bai washe ba bayan tacewa, a ninka. Mai ƙwayar kulorin ta tsaftace ruwa da ake kira Aquatabs, ta miligiram 67, guda ɗaya ta ishi lita 20 na ruwa garau.

A rufe, a girgiza, a jira minti 30 cif. Nan ne mutane suka fi gaggawa. Cikin ruwa kulorin yana komawa wani asid mai rauni wanda ke ratsa fatar ƙwayar cuta, kuma aikin yana son lokaci. In ruwan mai kanwa-kanwa ne, ma'auninsa na pH (awon tsami ko kanwar ruwa) ya haura 8, wannan asid ɗin yana raguwa ƙwarai, sai a ƙara lokacin jira zuwa awa guda. Bayan haka a shinshina: ɗan warin kulorin kaɗan shi ne alamar ya rage saura mai tsaron ruwan. Babu wari ko kaɗan? A sake sa awo ɗaya, a jira minti 15.

Zafin Sudan yana kashe ƙarfin bilic. Kwalbar da ta yi watanni a rana a bakin shago ta riga ta rage ƙarfi, don haka a ajiye a inuwa, a rufe da kyau. Kada a haɗa a durom na ƙarfe, kulorin yana cin ƙarfe. In za a juye a randa, a rufe ta, a keɓe mata moɗa mai dogon hannu.

Kada a taɓa gauraya bilic da ruwan wanke masai mai asid, ko da ruwan khal, wato binega. Iskar kulorin ce ke tashi, mai shaƙe numfashi da ƙona ido. In ta faru, a fitar da kowa waje, a buɗe tagogi, wanda tari ya ƙi sakinsa a kai shi asibiti.