Kurakuran da ke kayar da ɗan wasan ces a gasa

Tsakanin 'yan kulob masu maki 1400 zuwa 1800 a ma'aunin ƙwarewar 'yan ces, da wuya a buɗe wasa ake faɗuwa. Mutum zai haddace motsi 15 na tsarin Sisiliya, wani sanannen salon buɗe wasa, can a motsi na 22 ya ajiye dokinsa a bakin bishof, a ɗauke a banza.

Babban ciwon shi ne kallon shirinka kaɗai. Kana can kana ƙulla hari, ka manta na gabanka ba barci ya zo yi ba. Duk sanda ya motsa, kafin hannunka ya tashi, tambayi kanka: me yake nema da wannan? Me zai iya ci? Ta ina zai taɓa sarkina? Kada ka ce ka fi ƙarfin irin wannan. A 2006 a birnin Bonn, Vladimir Kramnik, yana riƙe da kambun duniya, ya kasa ganin motsi ɗaya da zai kashe sarkinsa ya ƙare wasan a karawarsa da manhajar Deep Fritz. In hakan ta sami zakara, ina ga ni da kai?

Sai sarkin da aka bari a layin baya, sojoji uku sun toshe masa gaba. Hasumiya ɗaya ta abokin karawa ta sauko, shi ke nan. Tura soja ɗaya da wuri, sarkin ya sami ƙofar fita.

Agogo ma na cin mutane. Wani zai ƙona minti 25 a kan motsin da kowa ya san shi ne, sannan ya zo inda wasa ya rikice da minti biyu a hannu. Adana tunaninka don wurin da kayan wasa suka cakuɗe.

Ka kula da hannunka. A dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, abin da ka taɓa da gangan shi za ka motsa, muddin yana da inda zai je. Gyara kawai kake so? Sanar tukuna.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne sakin jiki bayan an yi rinjaye. Kana da sarauniya, shi sarki kaɗai ya rage masa, garin gaggawa ka toshe masa ko'ina alhali ba ka yi masa barazana ba. Canjaras ke nan, rabin maki ya tafi. Kafin kowane motsi a irin wannan ƙarshe, ƙirga gidajen da suka rage wa sarkinsa.